Ku Cire Sunan Mahaifina Daga Kan Tsutsa

Zuwa ga mai girma shugaban buro, wato ofishin da ya turo masu binciken tsutsotsin ruwa ƙasar Konni da Illela, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa kun ga damina lafiya, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka.

Ni ce Ramatu, ɗiyar marigayi Malam Ma'azu, daga Tsamiyar Kwari, wani ƙauye cikin kwarin Badaguishiri. Ban san sunanka ba, ban taɓa taka Yamai ba. Da ajami na rubuta wannan takarda da hannuna, malamin yaƙi da jahilci na garinmu ya juya ta boko, na sa ya karanta mini ita daga farko har ƙarshe, bai ƙara ba bai rage ba. Na nemi a buga ta a jarida kowa ya ji, domin abin da aka yi mana ba a ɗaki aka yi shi ba, a ƙofar maigari aka yi shi, ya bi kasuwanni.

Tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunan mahaifina da bakina ba. Malam muke cewa. Jikokin da suka ci sunansa ma, Abba da Malam Ƙarami ake kiransu. Yau ga shi na rubuta shi a takarda, zan kuma maimaita shi. Mutanenka ne suka kai ni ga haka.

Na farko, ka san ko wane ne shi.

Gabas da garinmu akwai tabki. Da can wani ɗan kwari ne da ruwa ke kwanciya, kafin a gama sussuka ya ƙafe, mata su koma dogon zango neman ruwa. Malam ne ya tara magidantan da ke karatu a zaurensa, ya roƙi gari gayya, suka shiga haƙa da galma da ƙwarya da kwando. Kowane rani sai an ƙara zurfi. Ina yarinya na ɗauki ƙasar nan a kaina, na kuma ga tafin hannunsa ya tsage har ba ya iya riƙe alƙalami sai an shafa masa man shanu. Da aka gama ya ce wakafi ne: ba mai sayar da ruwan, ba mai hana baƙo, ba mai korar dabba. A shekarun farin nan da shanu suka zuba a hanya, Fulani da Buzaye daga nesa suka sauka bakin tabkin, shi ne ya riƙe ruwa bayan na maƙwabta sun zama tsagaggiyar laka. Malam bai ga wannan ba, ya riga ya rasu. Mutane ne suka sa wa wurin Tabkin Malam Ma'azu, ba shi ba. Bai bar mana gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Sunan nan da addu'ar masu sha su ne gadonmu.

Na biyu, zuwan baƙinka.

Da kakar bara waccan mota ta kawo wani anasara da tafintansa, Sumaila, da akwatuna. Maigari ya sauke su kusa da gidanmu, don mu ne masu kula da tabkin. Yara suka sa wa anasaran suna Mai Kwalabe, saboda kullum yana tsugunne bakin ruwa yana juya ganyen bado yana kankare bayansa cikin ƙananan kwalabe.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Allah yana gani. Mutum ne mai ladabi. Ba ya shiga gida sai an yi masa iso, ba ya ɗaga ido ga matan mutane, in aka kai masa fura sai ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Wata rana da na je ɗiban ruwa ya sa Sumaila ya kira ni in leƙa wani madubi mai ƙara girman abu. Na leƙa. Na ga wata halitta shimfiɗaɗɗiya kamar ganyen tsamiya, a waje ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana silalewa ba ƙafa, da ɗigo biyu baƙaƙe kamar idanu. Na yi tasbihi. Sumaila ya ce ubangidansa ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin teku yana rarrabe irin waɗannan, yana duba inda bakin kowace yake da yadda hanjinta ya rabu da yawan idanunta, yana sa kowace cikin danginta. Ya nuna mini hotunan na teku, manya, masu launi kamar zanen amare, ja da shuɗi da ɗorawa. Ya ce ta tabkinmu ba ta cizo, ba ta shiga jikin mutum ko na dabba, ƙananan ƙwarin ruwa take ci. Ban raina wannan aiki ba. Wanda ya zauna yana duban abin da Allah ya halitta har ya san bambancinsa, bai ɓata lokacinsa ba.

Sai ya tambayi wane ne mai sunan tabkin. Na ba shi labarin da na ba ka yanzu. Ya rubuta, ya ce zai girmama wannan dattijo cikin littafinsa. Iyakar abin da aka faɗa mini ke nan. Na ɗauka za a rubuta cewa wani malami ya haƙa ruwa don Allah. Na yi godiya, na yi masa addu'a, har na sa aka yanka masa zabo ranar da zai tafi.

Na uku, ranar da suka komo.

Bara, bayan sallar layya, suka dawo. Aka tara gari a ƙofar maigari. Mai Kwalabe yana ta murmushi, ya ɗaga wata takarda mai zanen tsutsar nan an girmama ta kamar tafin hannu. Sumaila ya ce malaman ƙasashen duniya sun duba sun tabbatar ba a taɓa ganin irinta ba, don haka an raɗa mata suna. Ya karanta wani dogon sunan anasara, a wutsiyarsa kowa ya ji sunan Malam. Ina bayan zana tare da mata. Na ɗauka kunnena ne. Ya sake karantawa.

Sai Nomau, sarkin fawarmu, wanda bakinsa ba ya zama, ya ce: "To, tunda an yi suna ba a ba mu goro ba, a dai gaya mana, ita wannan jinjirar su wa ye danginta?" Aka yi dariya. Mutuminka bai gane ba'a ake ba. Ya gyara tsayuwa kamar mai ba da karatu, ya amsa da gaske. Ya ce danginta su ne duk tsutsotsi masu faɗi: da na teku, da wadda mahauta ke samu cikin hantar tumaki da shanu, da wadda ke sa yara fitsarin jini, wato tsargiya. Sumaila ya juya maganar kalma da kalma, bai tsaya ya yi tunanin inda za ta faɗa ba, shi da yake ɗan ƙasa. Nomau ya tafa hannu ya ce: "Ashe mun daɗe muna yanka 'yan'uwan Malam!"

Ranka ya daɗe, a wurinku ban san abin da dangi yake nufi ba. A wurinmu in an ce wane dangin wane ne, an gama magana. Jininsu ɗaya, halinsu ɗaya, abin kunyar ɗaya na kowa ne. Mutuminka ya ƙara wata magana daga baya, wai ita wannan ba ta cutar kowa. Wa ya ji? Hayaniya ta riga ta rufe wurin. Washegari suka shiga mota, suka bar takardar a zauren maigari, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya are ta ya sa yara suka kwafe zanen da sunan a allunansu, yana ganin garinmu ya shiga tarihi.

Na huɗu, abin da ya biyo baya, kuma nan ne ciwon yake.

Kafin watan ya mutu maganar ta kai Badaguishiri, ta kai Tsarnawa, an ce har masu fataucin dabbobi sun tsallaka da ita iyaka. Sunan anasaran nan mai tsawo ba wanda ya riƙe. Wutsiyar kawai aka riƙe.

Wata ranar kasuwa na je Badaguishiri sayen hanta don wata maijego a gidanmu. Mahaucin bai san ni ba. Ya ɗauko hanta ya tsaga da wuƙa ya miƙo mini kusa da fuska, ya ce: "Duba da kyau, Inna, lafiyayya ce, ko Ma'azu ɗaya babu a ciki." Na kusa da shi ya ce: "Ƙarya yake, Inna, tasa duk Ma'azu ce, zo ki ga tawa." Suna dariya, ba su nufe ni da sharri ba. Mutumin da ya koya wa rabin kwarin nan karatu, wanda iyayen waɗannan mahauta ke tuɓe takalmi kafin su gaishe shi, shi ne yau ake kankarewa daga hantar tunkiya a yar wa karnuka. Na juya ban sayi komai ba. Ban yi kuka a kasuwa ba, sai da na kai gonakin bayan gari.

A garinmu kuwa, yaro ya yi fitsarin jini sai ka ji uwarsa ta ce Ma'azu ya kama shi. Wasu sukan kama bakinsu in sun gan ni, wasu sun saba har ba su lura. Jikokin Malam biyu da ke lakwal, da sunan yanka aka rubuta su, shi ake kira kowace safiya, kowace safiya kuma sai an yi musu dariya.

Da damina aka haifa wa ƙanena Isuhu ɗa namiji. Tun cikin matarsa yana ƙarami ya yi niyyar mayar da sunan Malam. Daren suna dangin matar suka aiko cewa ba su yarda ba, ba za a kira jikansu da sunan da ake kiran cuta ba. Isuhu ya zo ɗakina ya tsuguna bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai. Na ce masa ya bi maganarsu. Aka sa wa yaro Haruna. Ban ga laifinsu ba, ni ma uwa ce. Amma ka sani, a da in an haifi namiji a kwarin nan, har waɗanda ba danginmu ba sukan zo neman izinin sa wannan suna don albarka. Tun ranar taron nan ba a ƙara raɗa shi ko sau ɗaya ba.

Tabkin kansa an fara gudunsa. Mata sun koma tsohuwar rijiyar nesa. Kowane rani, in ruwa ya ja baya, gari kan fito gayyar yasa, a kwashe laka, a gyara baki, liman ya rufe da addu'a ga wanda ya haƙa. Bana maigari ya sa aka yi shela, ba wanda ya fito sai mu 'yan gida da wani tsohon Bafulatani da bai ji labari ba. Laka tana cike shi. In aka ƙara rani biyu ko uku haka, zai koma kwarin da yake da, ladan da ke bin Malam a kabarinsa ya yanke, mutanen gari su ma su rasa ruwa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta taimake ni ba. Ban ce tabkin ba shi da tsargiya ba. Ban sani ba. Yaran garinmu suna fitsarin jini tun ina ƙarama, haka na garuruwan da ba su taɓa ganin tabkinmu ba. In akwai cuta a ruwan, ina so a sani, a yi magani, ɗiyanmu ne ke wanka a ciki. Abin da na sani shi ne mutuminka bai zo neman tsargiya ba, bai ce ya same ta ba, kuma da bakinsa ya ce wadda ya sa wa sunan ba ta cutarwa. To don me aka bar gari cikin wannan ruɗu aka tafi?

Na biyar, zuwana Konni.

Ni ba mai yawo ba ce. Amma na sa Isuhu ya raka ni Konni, muka yi ta tambaya har aka nuna mana buron da baƙin suka riƙa sauka. Muka zauna a dakali tun hantsi har aka kira azahar. Wani ma'aikaci mai farar riga ya saurare ni yana juya alƙalami. Da na gama sai ya yi dariya, ya ce: "Haba Hajiya, ai murna ya kamata ki yi. A ƙasar anasara sarakuna da manyan malamai ake yi wa haka." Ya ce Mai Kwalabe ya koma ƙasarsu bakin teku. Ya ce kuma dokar malamansu ta duniya ce, in an raɗa wa halitta suna an buga a littafi, ya zauna ke nan har abada, ko wanda ya raɗa ba ya iya janyewa.

Na ce masa ni ba Hajiya ba ce, Allah bai kira ni ba tukuna. Sauran maganar ban iya faɗa masa ba, don muryata ba ta tashi a gaban maza. Ita ce zan faɗa maka yanzu.

Na yarda a al'adarsu girmamawa ce. Na yarda mutumin bai nufi cin mutunci ba. Amma a ƙasarmu ya zo, ruwanmu ya sha, mu ne za mu zauna da sunan bayan ya tafi. Ya san ya nemi izini kafin ya shiga zaure, ya san ya tambaya kafin ya ɗauki hoton tsohuwa, amma bai san ya tambayi magada ba kafin ya ɗauki sunan mamacinsu ya liƙa wa tsutsa? Da ya ce mini, "Ga abin da nake nufi," da na ce masa a'a cikin ladabi, na nuna masa tsamiyar da ke bakin ruwa ko kwarin ko garin ya ɗauki sunan ɗaya. Magana ɗaya ce da ba ta kai shan fura ba. Kuma in shi baƙo ne bai sani ba, ku fa? Ku da kuka ba shi mota da tafinta da takardar shiga ƙauyuka, ba a samu ko mutum ɗaya cikinku da uwa ta haifa a ƙasar nan ba, wanda zai ce masa ba a yin haka? Ko an ɗauka mutanen ƙauye ba su da abin da za a ɓata musu?

Dokar da ake faɗa mini, malaman da suka kafa ta ba su kafa ta da mu ba. Mu ma muna da tamu, wadda aka karantar da mu tun muna riƙe da allo: ba a ambaton mamaci sai da alheri. Wace ce ta fi cancanta a bi a kan kabarin musulmi?

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake nema.

Ina so ka turo mutum mai jin Hausa sosai, ba mai juya magana kalma da kalma ba, ya tsaya a kasuwar Badaguishiri ranar da ta cika, ya tsaya a ƙofar maigarinmu, ya zo da madubin nan da tsutsar tabki da ta hanta, kowa ya leƙa ya gani da idonsa cewa ba abu ɗaya ba ne. A kira mahauta su fara leƙawa. A kuma faɗa a rediyo, don maganar ta yi nisan da ƙafa ba za ta kai ba.

Ina so a turo likitoci su auna ruwan tabkin su duba yaranmu, su faɗi abin da suka samu ba ɓoyewa. In da cuta a yi magani a gaya mana yadda za mu kiyaye. In babu, a faɗa da ƙarfi kafin rani mai zuwa, mutane su fito yasa.

Ina so daga yau duk baƙon da za ku turo ƙauye da kwalabe, a gaya masa sunayen mutane ba ganyen bado ba ne da za a tsinka a tafi da shi. Ya tambayi masu su, ya kuma bayyana musu abin da zai yi da su.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: ka rubuta wa mutumin nan inda yake, da malaman da ke riƙe da littafin, su cire sunan mahaifina. An ce ba ya yiwuwa. Ban yarda akwai abin da hannun mutum ya rubuta wanda hannun mutum ba ya iya gogewa ba. In kuwa dokarsu ta ce lallai sai tsutsar ta ɗauki sunan wani daga gidanmu, to ga nawa. Ramatu. Na ba da shi da yardata, liman da maigari shaidu ne. Ni ina da rai. In an kira ni da shi a kasuwa zan iya juyawa in amsa, in yi bayani, in yi haƙuri, in yafe. Shi ba ya iyawa. Ku ɗauki nawa ku mayar masa da nasa.

Ban riƙe Mai Kwalabe a zuciya ba, Allah ya shirye shi ya kai shi ga alheri. Amma ban yafe wannan abu ba tukuna, kuma ba ni da ikon yafe shi, don haƙƙin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama da kujerarka lafiya. Allah ya jiƙan magabatanka, ya tsare sunansu daga bakin kasuwa, ya ba ka ɗiyan da za su tsaya maka ranar da ba ka iya tsayawa da kanka.

Wassalam.

Ramatu ɗiyar Malam,
Tsamiyar Kwari, ta hannun maigari.